Leda a Bakin Mai Tsegumi

Mai Fenti yana da wata ɗabi'a ta aiki wadda ba wanda ya koya masa. Duk gidan da ya shiga zai goge bango da sanfefa, kafin ya taɓa komai sai ya ɗaga kai ya duba silin. In akwai ƙararrawar hayaƙi, farar abar nan mai kama da murfin kwano da ake mannawa a sama, sai ya hau tsani ya rufe ta da leda, ya naɗe da salatif. Dalili kuwa, ƙurar sanfefa in ta shiga hancinta sai ta ɗauka gobara ce, ta yi ta ihu har maƙwabta su fito ba takalmi. To don kada ya manta, duk ƙararrawar da ya rufe sai ya sa jar roba ɗaya a wuyan hannunsa na hagu. In ya gama aiki ya cire ledar, sannan ya cire robar. In ya zo bakin ƙofa zai tafi, ya dubi hannunsa. Hannu ba roba, aiki ya kammala. Shekara shida yana haka bai taɓa kuskure ba, har yana ɗan alfahari da abin a zuciyarsa.

Yayarsa tana zaune a hawa na biyu na wani tsohon bene, ita da mijinta da 'yarsu da uwar mijin. Mijin direban babbar mota ne, ƙato, mai wuya kamar turmi, wanda in ya yi maka dariya sai ka ji daɗi, in ya daina sai ka nemi hanya. Uwarsa kuwa kowa Tsohuwa yake ce mata. Gwiwoyinta sun ƙi, ba ta sauka ƙasa sai in asibiti za a kai ta, shi ma a bayan ɗanta. Yarinyar shekararta biyar, ubanta ya sa mata Kwandasta saboda duk ranar da ya ajiye mota a bakin layi sai ta haye gaba ta leƙo ta taga tana kiran fasinja.

A ƙasan benen, ƙarƙashin matakala, akwai shagon Baba Mai Waya, mai gyaran wutar lantarki. Siriri ne, da tabarau ɗaure da zare, da ɗan sukuddireba a bayan kunne. Shi ne ya bi gidajen benen ɗaya bayan ɗaya har sai da kowa ya yarda ya manna masa ƙararrawa. Ba ya gajiya da maganar. Yakan ce wuta ba ta cika kashe mai barci ba, hayaƙi ne yake riga ta zuwa, ya shafa ka a hankali har ka ƙi tashi. Direba ya fi kowa ba shi wahala. Sai da ya yi wata uku yana ce masa ai hancin Tsohuwa ya fi kowace na'ura, tunda daga kan gadonta tana sanin gidan da aka sa albasa a mai. A ƙarshe dai ya bari aka manna guda ɗaya a lungun da ke tsakanin falo da ɗakunan kwana.

Matan benen ba su ƙaunace ta ba. Da mai ya ɗan ƙone a kasko sai ta tona maka asiri, duk bene ya san yau girkinka bai yi ba. Suka sa mata suna Mai Tsegumi.

Ranar da Mai Fenti ya yi wa Yayarsa fenti, ya yi komai yadda ya saba. Ya rufe Mai Tsegumi da farar leda, ya ja ta ta ɗame, ya naɗe, ya sa jar roba a hannu. Ya goge bango, ya shafa fari a silin, ya shafa ruwan ƙwai a falo. Can da la'asar yana wanke rola a bokiti, Kwandasta ta zo ta tsuguna kusa da shi, jelar kitsonta ɗaya ta warware tana shiga mata ido.

"Kawu, ba ni wannan," ta ce, ta riga ta sa yatsa a ƙarƙashin robar.

Ya ce ta aiki ce. Ta ce ai ya gama aikin. Ya ce saura kaɗan. Ta kumbura baki, ido ya kawo ruwa, shi kuwa bai taɓa iya kallon wannan fuskar ba. Ya zare robar ya ɗaure mata jelar da hannunsa mai fenti, yana cewa a ransa yanzun nan zai hau ya cire ledar, tsani ma ga shi a jingine. Sai Yaya ta kira shi cin abinci. Yana cikin ci Direba ya dawo, aka shiga mayar da kujeru da kabad, ana ta gardamar inda kowanne yake da. Mai Aski na ƙasa ya hawo karɓar tsaninsa, don aro ne. Da Mai Fenti ya zo bakin ƙofa, ya ɗaga hannun hagu ya duba kamar kullum. Ba roba. Ya yi musu sai da safe ya sauka yana fito.

Farar leda a farin silin mai tsawo, a lungun da ba taga, ba wanda ya lura. Bayan sati ɗaya ma Yaya ta ce masa, "Auta, fentinka ya koya wa Mai Tsegumi ladabi. Jiya har hayaƙi na tayar a kicin, ko tari ba ta yi ba." Ya yi dariya tare da ita. Wannan dariyar ce daga baya ta fi komai hana shi barci.

Kwana goma sha ɗaya da fentin, ranar Talata, rana tsaka, yana tsallaken titi yana shafa wa ƙofar wani shagon taya shuɗi. Yaya tana wurin aikinta a shagon ɗinki. Direba yana can bakin layi a ƙarƙashin motarsa. Kwandasta ta dawo makaranta, ta ci abinci, ta kwanta a bayan kakarta kamar yadda suka saba kowace rana, ƙofa a kulle ta ciki.

Wata mai sayar da lemo ce ta fara cewa wane ne yake ƙona shara a sama. Mai Fenti ya juyo da burushi a hannu. Daga tagar falon Yayarsa wani baƙin hayaƙi ne yake fitowa, mai kauri, yana murɗawa a hankali kamar ba ya sauri. Yana kallo gilashin tagar ya fashe, wuta ta zuro harshe waje.

Bai san lokacin da ya tsallaka titin ba. Abin da ya sani shi ne a gindin matakala ya tsaya ya tuɓe rigar aikinsa, don ta sha fenti da tinna, man nan na tsinka fenti, in ya shiga da ita shi ne zai zama ashana. Ya tsoma singiletinsa a durom ɗin Mai Aski ya ɗaure hanci. Ya sungumi tsanin ƙarfen nan da ya taɓa ara, Mai Aski ya kama ɗaya gefen, suka hau.

A hawa na biyu ba a jin komai sai wani gurnani daga bayan ƙofa. Ba ihun mutum, ba ihun na'ura. Ya kama mariƙin ƙofar, fatar tafinsa ta manne a jiki, ya fizge ya bar ta a can. Suka ja baya suka daki ƙofar da tsani. Sau huɗu. A na biyar sakata ta tsinke, zafi ya fito ya mare su, Mai Aski ya faɗi da baya ya gangara matakala uku, girarsa ta tafi.

Mai Fenti ya kwanta da ciki ya shiga. Ya san gidan da hannunsa, ba da ido ba, tunda ba bangon da bai shafa ba. Falo yana dama, can wuta take cin kujerun kushin tana tofar da wani abu baƙi mai ɗiga. Fentin da ya shafa yana kumbura yana fashewa kamar fatar da aka zuba wa tafasasshen ruwa. Ya ja jiki ya shiga lungun, ya mirgina gefe don ya kauce wa wani labule da ya faɗo yana ci, sai ga shi a rigingine yana kallon sama.

Nan ya gan ta. Hasken wutar ya haska silin, ga Mai Tsegumi, ga farar leda a bakinta, a ɗame, salatif ɗinsa zagaye uku yadda yake yi. Yana kallo ledar ta yi laushi, ta tattare, ta ɗigo. Ɗigo ɗaya ya sauka a ƙirjinsa ya huda fata. A daidai lokacin na'urar ta sami hanci, ta kwarma ihu, irin ihun da yake ratsa haƙori. Lafiyarta ƙalau. Ashe duk kwanakin nan jira take a buɗe mata baki.

Bai tsaya ba. Ya bangaje ƙofar ɗakin Tsohuwa da kafaɗa. Hayaƙi ya riga shi, ya cika ɗakin har ƙasan gado. Ya laluba ya taɓa 'yar ƙafa, ya jawo. Kwandasta ta zo masa kamar tsumma, kanta yana lilo. Ya rungume ta ya rufe ta da jikinsa ya bi lungun da gwiwa, wani abu mai ci ya faɗo masa a baya, ya ji warin naman kansa. Ya miƙa ta ga hannuwan da ke bakin ƙofa, ya cika ƙirji da iska, ya koma.

Tsohuwa tana da jiki. Ba ta motsa ba, ba ta ce masa ɗan nan kamar yadda takan ce ba. Ya naɗe hannuwansa a zanin gadon ya jawo ta ƙasa da shi, ya yi ta ja da baya, taku ɗaya, tari uku. Zanin ya kama wuta a gefe, ya kashe da tafinsa wanda dama ba sauran fata. A bakin ƙofa maza huɗu suka karɓe ta. Shi kuma wani ya kama shi ta wando ya jawo shi waje.

A ƙasa aka zaunar da shi a bakin kwata, aka sa hannuwansa a bokitin ruwa. Mata suka kewaye shi suna sa masa albarka, wata tana yi masa fifita da kwali, wata tana cewa uwar da ta haife shi ta haifi ɗa. Matar Mai Aski tana ta bubbuga bayan Kwandasta, har yarinyar ta shaƙe ta amayo wani baƙin abu, ta fashe da kuka. Da aka ɗaga ta za a sa a motar asibiti, kanta ya juyo wajensa. Gefen kitson ya babbake. A jelar da ta tsira, ga jar robarsa.

Aka sa Tsohuwa ita ma, an rufe mata fuska da abin numfashi, hannunta ɗaya yana reto. Motar ta tafi. 'Yan kwana-kwana suka iso suka ja tiyo sama.

Direba ya iso a guje daga bakin layi, baƙin mai har gwiwar hannu, sifanar taya tana hannunsa don ko ajiye ta bai tuna ya yi ba. Ya nufi matakala, mutum biyar suka riƙe shi. Aka gaya masa an fitar da su, 'yarsa ta yi kuka, uwarsa dai ba ta motsa ba. Ya tsaya yana huci yana kallon tagar. Sai ya tambaya, a hankali, yaya aka yi wuta ta cinye falo guda rana tsaka, mutane cike da bene, ba wanda ya sani.

Matar da ke ƙofa da ƙofa da su ta ce ita wallahi tana gida, ba ta ji komai ba. Na'urar ba ta yi ƙara ba sai bayan an fasa ƙofa. Wani ya ce ai dama irin kayan nan jabu ne. Wani ya ce wa ya sani ma ko wayar da tsohon ya ja ce ta haddasa wutar. Ba wanda ya yi niyyar mugunta, kowa dai bakinsa yana neman inda zai ajiye tsoron da ya ji.

Baba Mai Waya yana tsaye a bakin shagonsa. Shi ne ya ruga ya kashe babban layin wutar benen tun kafin kowa ya tuna, har yanzu filaya tana hannunsa. Direba ya taka zuwa wurinsa, mutane suna buɗa masa hanya.

"Kai ka ce min ko barci mutum yake za ta tashe shi."

"Za ta tashe shi," in ji tsohon. "Na gwada ta da hannuna. Bari a kashe wutar in hau in..."

Bai ƙarasa ba. Direba ya kwaɗa masa bayan hannu, tabaran ya yi tsalle ya faɗa kwata. Ya shaƙo wuyan rigarsa ya fizgo shi tsakiyar titi kamar buhun da ba komai a ciki, ya buga shi da ƙasa. Ya sa masa takalmi a haƙarƙari. Ƙarar ta fito kamar an taka busasshen kara. Tsohon ya naɗe, ya buɗe baki ba murya. Wasu samari da ko benen ba sa zaune suka matso, ɗaya ya kai masa shuri a baya, ɗaya ya ce a nuna masa, mai sayar wa mutane mutuwa. Mai Aski ya ce a bari mana, aka ture shi.

Mai Fenti yana zaune, hannu a bokiti, yana gani ta tsakanin ƙafafun mata. Ledar ta narke. Salatif ɗin ya narke. Nan da minti kaɗan na'urar ma za ta zama gawayi. Duk duniya shi kaɗai ya ga abin da ke silin ɗin, kuma ba wanda zai taɓa tambayarsa, shi da ake yi wa fifita. Ya tuna Yayarsa, wadda ta goya shi bayan rasuwar uwarsu, wadda har yau take ajiye masa abinci a rufe ko bai ce zai zo ba. Ya san in ya buɗe baki wannan kwanon ya ƙare. Ya ce a ransa za su gaji su bari, ai duka ne kawai, tsohon zai warke. Ya ƙara nutsa hannuwansa a ruwa.

Sai Direba ya take hannun tsohon na dama, wanda yake riƙe filaya da shi, ya murza dunduniya. Wannan karon muryar ta fito. Direba ya gyara riƙon sifanar, ya kama ta da hannu biyu, ya ɗaga sama. Kan tsohon yake kallo.

Bokitin ya kife. Mai Fenti ya ce, "Ni ne," amma hayaƙi ya cinye masa murya, ko matar da ke yi masa fifita ba ta ji ba. Don haka ya kutsa ta tsakanin mutane, ya faɗa kan tsohon ya rufe shi, ya ɗaga hannun hagu. Sifanar ta sauka a kan damtsensa. Ya ji ƙashin ya tafi, hannun ya lanƙwashe a inda ba gaɓa.

Direba ya ja baya, ya ce, "Kai Auta, ka haukace ne? Tashi daga nan."

"Yaya," ya ce, don haka yake kiran mijin Yayarsa. Kowace kalma sai ya kankaro ta daga maƙogwaro. "Na'urarsa lafiya lau take. Ni na ɗaure mata baki da leda ranar fenti. Na manta ban cire ba. Yanzu na gan ta da idona, tana narkewa ta fara ihu."

Direba ya ce ƙarya yake, so yake ya ceci tsohon. Mai Fenti ya ce masa ya tuna ranar da Yaya ta ce Mai Tsegumi ta koyi ladabi. Ya ce in ya je asibiti ya duba kan 'yarsa, zai ga jar roba, ita ce shaidar da yake sawa a hannu don kada ya manta, ya cire ya ba ta. Yana faɗa yana kallon fuskar Direba, ya ga lokacin da maganar ta shiga.

Direba ya saki sifanar ta faɗi. Da hannu ya yi. Ya ɗago shi ta wuya ya kai masa naushi a baki, haƙora biyu suka tafi. Ya sake, hanci ya fashe. Ya buga kansa da ƙofar shagon, ya ɗago, ya sake bugawa. Yana dukan yana kuka, yana cewa kwana goma sha ɗaya, kwana goma sha ɗaya uwata tana kwana a ƙarƙashin ledarka. Mai Fenti bai kare ba, dama ba shi da hannun karewa. Samarin nan da suka taya dukan tsohon suka sulale. Matan da suka sa masa albarka suka tsaya riƙe da kwalayensu, ba su san wanda za su roƙa wa ba.

Wani ɗan kwana-kwana ne ya raba, kuma bai ɓata bakinsa ba. Ya juyo da tiyo daga tagar bene ya saita Direba. Ruwan ya ɗauke ƙaton nan ya watsa shi jikin teburin mai sayar da lemon nan. Ya zauna a cikin taɓo, lemo yana gangarawa ta gefensa, ya rufe fuska da baƙaƙen hannuwansa.

A asibiti, ɗaki ɗaya aka kwantar da Mai Fenti da Baba Mai Waya, gado yana kallon gado. Tsohon haƙarƙari uku, yatsu huɗu. Kwana biyu bai ce masa uffan ba. A na uku, da aka zo aka ce Tsohuwa ta cika ba tare da ta farka ba, Mai Fenti ya juya fuska bango. Nas ɗin da ta kawo labarin ta ce ko ɗigon ƙuna babu a jikinta, hayaƙi ne kawai. Da an fitar da ita da 'yan mintuna kafin haka, da wataƙila wani zancen ake. Bayan nas ɗin ta fita sai tsohon ya yi magana yana kallon silin.

"Zagaye nawa ka yi mata da salatif?"

"Uku."

"Aikinka da kyau, ja'iri. Ko iska ba ta shiga ba." Ya yi tari ya dafe gefe. Can ya ce, "Ka daɗe a bakin kwatar nan kafin ka taso. Ina ganinka."

"Na daɗe, Baba."

"To. Ka dai taso."

Yaya ba ta zo ba sai a kwana na tara. Ta tsaya a ƙarshen gadon, ba ta zauna ba, ba ta kawo kwano ba. Ta ce Kwandasta tana ci tana sha, an aske mata kai, tana tambayar Kawu. Ta ce mijinta ya ɗauki mota ya yi doguwar tafiya, ya ce kada ya dawo ya tarar da ƙafar Auta a inda suke. Sannan ta murza bakin mayafinta. Ta ce masu binciken sun gano inda wutar ta tashi. Dutsen guga ne. Da safe tana goge rigar makarantar yarinyar aka ɗauke wuta, ta jingina shi a hannun kujera ta fita da sauri, ba ta zare ba.

"Ni na kunna, kai ka rufe mata baki," ta ce. "Ban gaya masa nawa ba tukuna. Ban san yadda ka iya ba."

Ya so ya ce mata bai iya ba, sai da aka murƙushe hannun mutum yana kallo. Bakin a ɗinke yake, maganar ta yi tsawo. Ta gyara masa bargo a ƙafa, abin da ba ya bukatar gyara, ta tafi.

Bayan wata biyu Baba Mai Waya ya buɗe shago. Yatsun sun haɗe a karkace, ba sa riƙe filaya, kuma in ya ɗaga hannu sama haƙarƙarin yana tuna masa. Mai Fenti shi ma hannun hagun bai miƙe daidai ba, tafukan sun yi sumul kamar leda, amma yana iya hawa tsani. Ranar da ya zo ya tsaya a bakin shagon, tsohon ya dube shi ta sabon tabarau ya ce ya ɗauko tsanin Mai Aski, akwai aiki a sama.

Suka bi benen ƙofa ƙofa, tsohon yana riƙe tsani da hannunsa mai lafiya, Mai Fenti yana hawa yana danna maɓallin gwaji. Wasu suka buɗe musu da fara'a, wasu suka buɗe ba su dube shi ba. A gida tara, huɗu ba su yi ƙara ba. Uku an cire musu batir, ɗaya daga cikin batiran ma an sa shi a rimot ɗin talabijin. Ta huɗun a gidan matar nan ce da ta ce ba ta ji komai ba. An cusa wa tata tsohuwar safa, an ɗaure da zare.

Matar ta ce ai saboda suya ne, kuma dama tana niyyar cirewa. Mai Fenti ya miƙa hannu sama. Ya kwance zaren a hankali da yatsun da ba sa jin abin da suke taɓawa, ya miƙo mata safarta, ya danna maɓallin. Ihun ya cika gidan, jaririnta ya tashi yana tsala kuka, ta toshe kunne tana cewa ya isa haka.

"Bar shi tukuna," in ji Baba Mai Waya daga gindin tsani. "Ƙara dannawa."

Ya ƙara dannawa.